Muryar Mai Ginin Tanderu

"Domla, don Allah ka daina shafa gemu. Wayar tana ɗauka."

Domla Mirzahalim, malamin unguwa, ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa, kamar ɗalibin da aka kama yana wasa a tsakiyar darasi. Shekara da shekaru shi ne mai cewa a yi shiru a wannan ɗaki na littattafansa. Yau ga Mohira, 'yar maƙwabta wadda a gabansa aka raɗa mata suna, tana tsawata masa a kan gemunsa.

"Har motsin gemu tana ji?" ya tambaya da raɗa.

"Har numfashinka."

"Subhanallahi."

Usta Norkuzi, wanda ke kishingiɗe a kan katifun da aka tara masa a jikin bango, ya fashe da dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari mai tsawo. Da ya lafa sai ya ce, "Tun muna da baƙin gashi nake sauraronka a masallaci, ban taɓa ce maka uffan ba. Yau kai ma ka ɗanɗana."

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Domla da na Usta a wata tsohuwar unguwa ta birnin Margilan, inda ake kiran malami Domla, gwanin sana'a kuma Usta. Usta Norkuzi mai ginin tanderu ne, kuma da wuya a sami gurasar da aka gasa a unguwar ba a cikin aikin hannunsa ba. Mohira kuwa malamar makaranta ce, amma idan ta tashi daga aiki fim take shiryawa da wayarta, ita kaɗai, ba kamfani ba ubangida. A farkon shekara ta lallashi Usta ya fito mata a wani ɗan gajeren fim, a matsayin tsohon da ke jiran ɗansa da ya tafi neman aiki Rasha. Kamar yadda masu fim na ƙasar suka saba, hoto ta fara ɗauka, ta bar murya sai daga baya a ɗaki mai shiru. Kafin ta waiwayo kan muryar, ƙurar yumɓu da gashin akuyar da ya yi shekaru yana cuɗawa suka kama ƙirjin Usta. Likitocin Fargana suka duba shi, suka ce a mayar da shi gida a kula da shi.

Mohira ta bi ɗakunan unguwar tana tafa hannu tana kasa kunne, kowanne sai ya mayar mata da amsa-kuwwa. A ɗakin Domla ne kaɗai tafin ya faɗi ya kwanta, domin littattafan tafsiri da na fiƙihu da suka rufe bango har sama sun shanye shi. Domla ya daɗe yana ja da baya ga sha'anin hotuna, amma da ya ji cewa littattafansa na da wani aiki da bai taɓa sani ba, sai son sani ya rinjaye shi. Shi ya sa kowace hantsi surukan Usta ke ɗauko shi su shigo da shi ta ƙaramar ƙofar da ke cikin katanga.

Aikin ya ba Domla mamaki ƙwarai. Mohira takan maƙala wani ɗan makirufo kamar ƙwallon dabino a wuyan rigar Usta, ta jingina kwamfuta a gabansa. Sai ga Usta na watannin baya, da ƙarfinsa, yana zagaya tanderu yana bubbuga shi da katako, bakinsa na motsi. Usta na yanzu kuma ya zuba wa bakin nan ido, ya yi ƙoƙarin saka maganar daidai inda leɓɓan suka buɗe. A ƙasan hoton wani zane ke tafiya, mai tudu da kwari.

"Wannan dogon tudun fa, 'yata?"

"Inda ya ja harafi ne, Domla."

Domla ya matso da tabarau. Rayuwarsa duka ya yi ta yana koya wa yara inda ake jan harafi a karatun Alƙur'ani da inda ake taƙaitawa, yana auna shi da yatsu, bai taɓa zaton wata rana zai ga abin da idonsa ba.

Numfashin Usta bai wuce ya ɗauki kalma uku ko huɗu ba. Mohira takan karɓe su gutsure-gutsure, ta yanke tarin da ke tsakani, ta ɗinke su da yatsa a fuskar wayar har su zama magana ɗaya miƙaƙƙiya. Hosiyat, matar Usta, kan leƙo da butar koren shayi, a ɗaga mata hannu, ta tsaya cak a bakin ƙofa tana gunaguni ƙasa-ƙasa cewa ita dai ba ta taɓa ganin inda ake sa marar lafiya aiki ba.

Wata hantsi muryar ta ƙi fita gaba ɗaya. Aka gwada, aka sake gwadawa, sai iska kawai. Mohira ta daɗe tana juya wayar a hannu, sannan ta ce, "Baffa, kada ka wahalar da kanka. Akwai mafita. Ko dai in kira wani mai ɗora murya daga babban birni Tashkent, kamar yadda kowa ke yi…"

"Ɗan birni? Ya yi magana da bakina kamar mai karanta labarai?"

"Ko kuma wannan." Ta latsa wayar. "Wata manhaja ce. Na ba ta abin da muka ɗauka ta koyi muryarka. Duk abin da na rubuta za ta faɗa. Saurara."

Daga cikin wayar muryar Usta Norkuzi ta fito garau, ba tari ba haki, ta ce, "Assalamu alaikum, Domla, ka tashi lafiya?"

Domla ya ji bakinsa ya fara amsa sallamar kafin ya kama kansa. Ya dubi abokinsa, ya ga bakinsa a rufe.

"Wane ne wannan?" in ji Usta.

"Kai ne, Baffa."

"Ni ga ni nan zaune." Ya huta. "Kuma yaushe na taɓa gaishe shi da ladabi haka?"

Mohira ta yi dariya, amma Usta bai yi ba. Ya miƙo hannu ya kama hannun rigar Domla, yana fitar da maganar kaɗan-kaɗan.

"Domla, kai ne shaida. Abin da na faɗa, a sa. Abin da ban faɗa ba, kada wani ya faɗa mini. Ko mutum, ko waya. Harshen nan nawa za a tambaya gobe kiyama. Ba na son in tarar da maganar da ban san ta ba."

"Na ji, na kuma shaida," in ji Domla. Mohira ta sunkuyar da kai ta kife wayar.

Da yardar Allah muryar ta ɗan dawo a kwanakin da suka biyo, suka ci gaba har ya rage fitowa ɗaya tak, wadda ita ce ƙarshen fim ɗin. Mohira ta ɗauke ta ne daga kan rufin gidan Usta, daga nesa, inda makirufo bai kama komai ba sai iska. A cikinta Usta ya gama tanderu, ya miƙe, ya goge hannu a ɗamararsa, ya juya kai hagu, ya faɗi wata magana, fuskarsa ta yi wani irin haske. Ba ta cikin abin da aka tsara masa. Shi kaɗai ya faɗe ta.

"Me ka ce a nan, Baffa?"

Aka maido hoton sau da yawa. Usta ya girgiza kai. "Wallahi ban tuna ba. Wataƙila kaji nake kora."

"Da wannan fuskar ake korar kaji?"

Domla ya ce a bar masa. Ai kallon bakin masu karatu sana'arsa ce. Mohira ta girmama hoton da yatsu biyu har leɓɓan suka cika fuskar wayar, ta rage masa sauri. Domla ya ga inda leɓɓa suka haɗu, ya ga inda suka zagaye, ya ga harshe ya taɓa haƙori. Ya gwada salati, bai hau ba. Ya gwada hamdala, ta yi gajarta. Abin ya tsaya masa a rai, har yakan tsinci kansa a hanyar masallaci yana motsa baki, yana gwada kalmomi a kan leɓɓan maƙwabcinsa.

Daga nan jikin Usta ya yi nauyin da ba a iya ɗauko shi. Wata ranar Laraba, bayan azahar, Hosiyat ta aiko a kira Domla. Ya tarar da 'ya'yan Usta mata sun jeru a jikin bango, Mohira kuma na durƙushe kusa da ƙofa. Ya zauna daf da kan Usta ya fara karanta Yasin a hankali. Yana cikin karatu Usta ya buɗe ido, ya nemi Mohira da kallo, murmushi ya bayyana a gefen bakinsa.

"Na tuna," ya ce.

Mohira ta zabura, ta zaro makirufon daga jaka. "Baffa, sau ɗaya kawai. Ko da raɗa ne, zan gyara."

Domla ya sha zama kusa da mutane a irin wannan lokaci. Ya ga yadda hancin ya tsaya, ya ji yadda numfashin ke yin nisa tsakanin ɗaya da ɗaya, ya san abin da ya rage a ƙirjin nan ba zai ɗauki magana biyu ba. Shi kansa zuciyarsa na son jin amsar, so mai ƙarfi, har ya ji kunyar Ubangijinsa. Bai dubi Mohira ba, bai kuma hana ta ba. Ya sunkuya kusa da kunnen abokinsa ya ce a hankali, kamar mai yi wa kansa, "La'ilaha illallah."

Idon Usta ya tafi kan makirufon, ya dawo kan Domla. Sai ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo ya yi wa Mohira alamar ta ajiye. Ta ajiye. Leɓɓansa suka bi kalmar har ƙarshenta. Kafin a kira la'asar Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Bayan an share makoki Mohira ta zo ɗakin littattafai ta tsaya a bakin ƙofa, idonta ya kumbura.

"Domla, masu bikin fina-finai na Tashkent suna jira. Ƙarshen fim ɗin ba murya. Layi ɗaya zan rubuta, mai kyau, wanda shi ma zai so. Ba wanda zai gane."

"Ni ba alƙalinki ba ne, 'yata. Shaida kawai aka sa ni. Abin da na ji, ke ma kin ji."

"Da ka jinkirta kalmar shahadar kaɗan…"

"Ina tsammanin kin ɗauka ke kaɗai ke son sani," in ji Domla. "Har yanzu ina gwada kalmomi a kansa."

Ta juya ta tafi, shi kuma bai san abin da ta yanke ba.

Wata Alhamis, kamar yadda ake yi wa mamaci a garin, Domla ya shiga gidan Usta ya yi karatu, aka ci shinkafa da karas, maza suka watse. Yana neman takalmansa Mohira ta ce ya dakata. Hosiyat na zaune a kan dakalin katako ƙarƙashin rumfar inabi, cikin shuɗɗan tufafin takaba. Mohira ta jingina wayar da butar shayi a gabanta. Domla ya tsaya daga baya, nesa kaɗan.

Muryar Usta ta cika tsakar gidan, tana faɗa da yumɓu, tana tambayar mai kawo wasiƙa labarin ɗa. Hosiyat ba ta motsa ba. Aka zo ƙarshe. Usta ya miƙe, ya goge hannu, ya juya kai hagu. Domla ya riƙe numfashi.

Leɓɓan suka motsa. Ba abin da ya fito sai iskar kan rufi.

Domla ya sauke ajiyar zuciya. Bai gama saukewa ba ya ji Hosiyat ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ce wa wayar, "Kai dai ba ka da kunya, tsoho. A gaban yarinya."

Mohira ta waigo ta dubi Domla. Sai a lokacin ya lura cewa hagun nan da Usta ya juya, ƙofar ɗakin girkin Hosiyat ce. Ya yi gyaran murya.

"Hosiyat, don Allah, me ya ce?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Ba da kai yake ba, Domla." Ta taɓa gwiwar Mohira. "Maido mini shi baya kaɗan."

Domla ya sa takalmansa ya nufi ƙaramar ƙofar katanga. Da ya waiwaya, tsohuwar ta matso da fuskarta daf da wayar, inuwar ganyen inabi na rawa a kan mayafinta, mutumin cikin gilashin kuma yana sake goge hannu a ɗamararsa.