Hular Nayeli

Tun kafin su wuce ƙofar gandun dajin, Aurelio ya fi kallon madubin mota a kan hanya. Ba motocin baya yake dubawa ba, leɓen mahaifiyarsa yake dubawa. Likita ya faɗa masa a Chimbote, can bakin teku inda suke zaune, cewa zuciyar Mama Eusebia ba ta son tudu yanzu. Da aka gaya mata sai ta ce ita a kan duwatsun nan aka yanke mata cibiya, shi likitan a ina aka yanke tasa? Jikarta Nayeli ta ga vikunya, wata dabbar tsaunuka mai kama da ƙaramin raƙumi, a littafin makaranta ta ce sai ta gani da idonta, tsohuwa kuma ta ce ita za ta nuna mata. Duk wanda ya taɓa gardama da Mama Eusebia ya san ɓata yawun baki ne kawai.

"Mama, yaya numfashin?"

"Yana nan inda ka bar shi ɗazu. Kalli gabanka kar ka zubar da mu a rami."

Maribel, matarsa, ta danne dariya, ta miƙa wa surukarta ganyen koka, wanda ake taunawa don wahalar tudu, ta cusa a kumatu.

Suka ajiye mota a bakin tafki. Mai gadin wurin ya ce su bi hanyar da aka share, kuma in sun ga gajimare ya fara saukowa daga ƙanƙarar kan tsauni su juyo. Aurelio ya so a zauna nan kusa da mota a ci abinci a tafi. Ina, tsohuwa ta riga ta kama hannun yarinya sun yi gaba.

Sun ga zomayen dutse suna shan hantsi, dogayen wutsiyoyinsu a naɗe. Sun ga wata babbar ungulu tana shawagi ba ta ko kaɗa fiffike. Aurelio dai bai ga komai ba sai yadda mahaifiyarsa ke tsayawa tana yi kamar gyara mayafi take, alhali numfashi take nema.

"Ga su can," in ji Mama Eusebia, tana nuni da haɓa. "Yi shiru, ƙawata, kunnensu ya fi na uwarki."

Vikunya ne, garke guda, launinsu kamar busasshiyar ciyawar da suke ci, dogayen wuyansu a miƙe. Nayeli ta ƙame, baki buɗe. Tsohuwa tana kallon yarinyar, ba dabbobin ba.

A gindin wani ƙaton dutse suka shimfiɗa bargo, aka fito da dafaffen dankali da cuku da soyayyar masara. Nayeli ta ɗauki cukunta ta zagaya bayan dutsen don ta ci gaba da kallo. Can suka ji ihu. Dila ne, irin waɗanda masu yawon buɗe ido suka lalata da ba su abinci. Ya fizge cukun daga hannunta, ta faɗi da baya. Maribel ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwarzane babu. Amma yarinyar ta daina kuka farat ɗaya, ta yi tsuru, ana mata magana ba ta amsawa.

"Kurwarta ta fita," in ji Mama Eusebia. "Tana nan inda ta faɗi. Ku ba ni hularta in kira ta kafin mu bar wurin."

Aurelio ya ɗaga kai. Gajimare ya riga ya cinye kan tsaunin, yana gangarowa. Ya dubi leɓen tsohuwar, ya yi duhu.

"Firgita ce kawai, Mama. In ta yi barci za ta ware. Mu tafi."

"Kai ma haka aka bar taka a daji ka girma?"

"Na ce mu tafi." Bai taɓa yi mata magana da wannan murya ba. Ta dube shi, ta naɗe bargo. Shi kuwa, da yake tsoro ya toshe masa basira, sai ya ɗauka ya ci nasara.

A wajen mota ya kwantar da Nayeli a kujerar baya. Mama Eusebia ta ce za ta zaga bayan duwatsu, ai ko wannan ma sai ta nemi izini? Aka jira ta. Maribel tana lulluɓe yarinya sai ta tsaya.

"Aurelio, ina hular yarinyar nan?"

Nan ya gane inda tsohuwa ta koma, ya kwasa da gudu. Gudun bai yi nisa ba, ƙirjin mutumin bakin teku ne da shi. Ya koma tafiya, kansa na sara, gajimare ya rufe shi har ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannu.

"Mama."

Shiru. Ya ƙara murya, ya kira ta da sunanta na yanka, abin da bai taɓa yi ba. Dutse ya maido masa da muryarsa. Duk wani baƙin abu da ya hango a ƙasa sai ya ɗauka ita ce, ya je ya tarar dutse ne. Shi ya kawo ta. Shi ya ji abin da likita ya faɗa da kunnensa, ya kuma sa ta a mota. Wannan tunanin ya yi ta cin sa har ya isa inda suka ci abinci.

A bayan dutsen ya ga ganyen koka an danne da tsakuwa, da wurin da aka kankari ƙasa da farce. Ta zo, ta tafi. Ya juyo yana kira har muryarsa ta dushe, ya yanke shawarar ya je ya ɗauko mai gadi.

Ya kusa tafkin sai wata inuwa ta ɓullo daga wata tsohuwar hanyar makiyaya. Ita ce. Tana jan ƙafa, a duƙe, hannayenta biyu a dafe da ƙirji.

"Mama, zuciyar ce? Mama, yi magana."

Ba ta ko dube shi ba. Ya kama hannunta, ta fizge da kafaɗa. Hankalinsa ya tashi, ya ce shi ke nan, ciwon ya kama mata harshe. Sai ya hango jan zaren ulun hular Nayeli yana leƙowa daga tsakanin yatsunta, ya tuna abin da ya sani tun yana yaro ya manta a birni: mai ɗauke da kurwa ba ya magana da kowa, ba ya waiwaye, sai ya kai ta ga mai ita. Duk kiran nan da yake yi tana jin sa.

Haushi ya kama shi, kuka kuma ya taso masa, bai san wanda zai fara ba. Ya bi bayanta da hannaye a buɗe ko za ta faɗi, yana jin numfashinta kamar ana jan zarto.

Maribel ta buɗe ƙofa. Tsohuwa ta sa wa yarinya hular, ta hura mata iska a tsakar ka.

"Nayeli, dawo gida. Ga uwarki, ga ubanki, dawo."

Yarinyar ta yi ƙifta-ƙifta da ido. "Kaka, karen nan ya cinye min cuku."

"Ɓarawo ne, ƙawata. Za mu sayi wani."

Ko hular ce ko ɗumin mota ne, babu wanda ya tsaya tambaya. Mama Eusebia ta zube a kujera, fuskarta kamar toka. Aurelio ya durƙusa yana laluben ƙwayar maganinta a jaka, kwalbar tana ta kuɓuce masa.

"Kin ji ina kira?"

"Na ji. Har wanda ka kira ni da sunana, mara kunya."

"Na ɗauka kin mutu, Mama."

Ta haɗiye ƙwayar, ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ni hularka."

"Mama, don Allah."

"Taka kurwar ma tana can sama, ina gani. Wa zai kira maka in ba ni ba?"

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya cire hular ya sa mata a hannu. Ta ɗaga ta wajen gajimaren daga inda take zaune, ta kaɗa a hankali, ta buɗe baki. Leɓenta ya yi motsin sunansa, amma iskar da za ta fitar da shi babu. Ta sake gwadawa.

Aurelio ya sunkuyar da kansa ƙarƙashin hannunta har hular ta zauna.

"Na ji, Mama," ya ce. "Na dawo. Ga ni."

Ya ɗaura mata bel, ya tada mota, suka kama gangara.