Ruwan Wankan Hajjo

A unguwarsu ta bayan kasuwar Gwandu, in aka ambaci Hajjo mai ginin tukwane sai a ce, "Wannan mai taurin kan?" Wasu su ce tsufa ne. Sambo mai haƙar rijiya kuwa cewa yake hassada ce, don shi ya haƙa rijiyar da kowa ke sha, ita ko ta ce ruwan akwai dafi.

Ba ta faɗa da ka ba. Wani duba-gari daga Kalgo ne ya auna ruwan, ya ce akwai gubar ƙasa mai suna arsenik, ita ke sa tafin hannu kanta da baƙaƙen ɗigo, kuma jan yumɓu na kama ta. Aka yi masa dariya, ya hau kekensa. Hajjo dai ta ɗora tukwane uku bisa juna, ta huda gindin biyu, ta zuba musu dakakken yumɓun da ta gasa da yashi. Shekara tara ba ta sha wani ruwa ba sai wanda ya ɗiga ta nan.

Laraba, matar Sambo, danga ce ta raba gidansu da na Hajjo. Ita ke zaune gefen tabarma ranar da jikin Hajjo ya ƙi.

"Laraba, kar a wanke ni da ruwan mijinki sai an tace. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

Da hantsi Hajjo ta cika. Ruwan da ya ɗiga a tukunyar can ƙasa kuwa ko rabi bai kai ba. Laraba ta cika ta sama, ta zauna. Ɗis. Ɗis.

An haƙa kabari, an ɗinka likkafani, liman ya aiko sau biyu. Rana ta take. Sambo ya leƙo ta bisa danga.

"Ke, mi kike jira? Ga guga, ga rijiya!"

"Amana ta ba ni, Malam."

"Kunyata ni za ki yi gaban jama'a?"

Laraba, wadda shekara ashirin ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta ce, "Buɗe hannunka su gani."

Sambo ya dunƙule hannun. Ya jima da daina ba mutane hannu sosai a masallaci.

Ya koma zaure. Ta ji yana cewa liman a ƙara haƙuri kaɗan. Can sai ga shi ya yi sallama da tulu a kafaɗa, ya tsaya gaban tukwanen kamar bai taɓa ganin tukunya ba.

"A wacce ake zubawa?"

Laraba ta nuna masa ta sama. Ya zuba a hankali, kada yumɓun ya tashi. Sannan ya durƙusa, ya fuskanci ƙofar ɗakin gawar, inda aka saki asabari, ruwa na ɗiga a bayansa.

"Inna Hajjo," ya ce, da muryar da har 'yan zaure suka ji, "ki yafe mini."