Barewar Larai

Larai ta danne kan barewar tsakanin gwiwoyinta, ta sa yatsa ta gefen baki ta buɗe shi, ta ɗura ruwan dafaffiyar shinkafa da ludayi. Rabi ya shiga, rabi ya bi wuya ya zube a ƙasa. Barewar ba ta ko yi shure-shure ba, kuma wannan ya fi komai damun Larai.

Ta san abin da ya jawo zawon. Ta je bakin kogi karɓo kifi, barewar ta ture faifai ta cinye dusar da ruwan sama ya jiƙa har ta yi tsami. Yanzu ga ta a gindin rumbu, idanu sun faɗa, cinyoyi sun ɓaci, ƙudaje na bi.

Bara ne, da kogin Haɗejiya ya cika ya shanye fadama, ƙanenta Sa'idu ya tsinci barewar a kan wani tudu, jaririya, ba uwa. Ya sako ta a jirgi tare da kifi ya kawo gida. Mijin Larai ya rasu, 'ya'yanta duk suna aure a Auyo. Larai ta shayar da barewar nonon akuya, ta sa mata suna Tsintuwa. Tun daga nan, in Larai na bandar kifi, barewar na kwance a bayanta.

Aka yi sallama. Tukur ne, ɗan aiken Bulama, mai garinsu.

"Inna Larai, Bulama na gaisuwa. Ya ce a shirya barewa. Di'o, Baturen mulki, zai zo rangadi da matarsa, za su sauka a bariki. An riga an ce mata akwai."

"Wa ya ce mata?"

"Bulama."

"Tasa ce?"

Tukur ya juya wajen barewar. Ya matso gindin rumbun, ya leƙa, ya toshe hanci da hannun riga.

"Af! Ai wannan ta gama. Ba a kai wa Bature irin wannan. Bari in koma in faɗa wa Bulama."

Yana fita Sa'idu ya shigo da taru a kafaɗa. Ya tsaya ya daɗe yana duban dabbar.

"Yaya, a yanka ta tun ba ta zama mushe ba."

"Je ka kaɗo min bagaruwa," in ji Larai. "Busasshiya."

Ya ajiye tarun ya tafi.

Ta janye Tsintuwa daga inda ta ɓata, ta zuba toka a wurin, ta shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa a inuwa. Ta wanke mata cinyoyi da ruwan ɗumi. Dusa da ɗanyen haki kuwa ta kawar da su gaba ɗaya. Ruwan shinkafar nan da ɗan gishiri take ba ta, kaɗan-kaɗan, don in ta ɗura da yawa dawowa yake yi. Ta daka gawayi ya yi laushi, ta dama da garin 'ya'yan kuka. Bagaruwar da Sa'idu ya kawo ta jiƙa ta tace, amma bakin ludayi kawai ta ba ta. Ta taɓa ganin akuyar maƙwabta da aka cika wa ita: cikin ya ɗaure, ya kumbura, kafin la'asar ta mutu.

Lokaci-lokaci takan tsunkuli fatar wuyan barewar ta saki. Da fari fatar tsayawa take yi kamar tsumma. Kifin da ke kan banda ya ƙone ta gefe ɗaya, Larai ta juya shi. Washegari fatar ta fara komawa. Da rana ta yi tsaka Tsintuwa ta miƙe a kan ƙafafu masu rawa, ta sunsuni harawa ta ci. A safiyar da Di'o ya sauka, Larai ta tarar da kashi ƙwaya-ƙwaya a gindin rumbu, irin na lafiya.

Sa'idu ya tsuguna ya duba.

"To, Yaya, kin warkar wa Bature ke nan."

Larai ta ci gaba da shara.

"Bulama dai ya san ba ta da lafiya," in ji shi. "A bar shi a haka. In Tukur ya dawo ya ga abin da ya gani ran nan, shi ke nan. Gobe sun wuce garin Malam Madori."

Ya ɗebo laka a bakin fadama, ya cuɗa da kashin shanu, ya shafe cinyoyin barewar da wutsiyarta. Larai ce ta riƙe masa kan. Suka ɗaure ta da gajeriyar igiya don ta kwanta. Kafin a jima ƙudaje sun taru.

Tukur ya zo da hantsi, riƙe da sabuwar igiya. Ya leƙa, ya girgiza kai.

"Har yanzu? To, Allah ya rufa asiri. Bulama ya ba su haƙuri, ya ce barewa na zawo. Sai matar ta ce a kawo ta haka nan, tana da magani a akwati. Har ta sa kuku ya gyara wuri."

Sa'idu ya dubi yayarsa.

"Wane irin magani?" in ji Larai.

"Na kwalba ne. Kuku ya ce shi take ba dokinsu, nan take yake ɗaure ciki. Wai safe da yamma za a riƙa ɗura mata."

"Na doki."

"Haka ya ce."

Larai ta dubi Tsintuwa. Barewar na kwance tana tuƙa, kunnuwanta na korar ƙuda. Cikin da jiya-jiya ya fara riƙe abinci.

Ta tashi ta ɗauko tulu da soso.

"Yaya," in ji Sa'idu.

Ta durƙusa ta fara wankewa. Lakar ta narke ta gangara, gashin ya fito fes, fatar ba ko ja. Ta kwance gajeriyar igiyar, barewar ta yi zumbur ta miƙe ta girgije jiki.

Tukur ya dubi ruwan lakar da ke bin ƙasa, ya dubi Sa'idu, ya kawar da kai.

"Ka ce mata ta warke," in ji Larai. "Kada a ɗura mata komai. Harawa busasshiya da ruwa mai kyau, su kaɗai. Ban da dusa sai an kwana biyu. Ka faɗa wa kukun da bakinka, ya faɗa mata da nasu yaren."

"Zan faɗa, Inna."

Ya zura mata sabuwar igiyar a wuya ya ja. Tsintuwa ta kafe ƙafafu. Ya ƙara ja, ta yi tsalle gefe, igiyar ta shaƙe ta har ta yi tari.

"Bari," in ji Larai. "Za ka karya mata wuya."

Ta cire igiyar ta miƙa masa. Ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta ce wa Sa'idu ya kula da wutar banda. Sannan ta fita ta kama hanyar bariki, ba ta waiwaya ba. Barewar ta bi ta a baya, Tukur na biye da su da igiya a hannu.