Motar Mai Agogo da Malamar Aji Ɗaya

Mai Agogo bai taɓa yarda a zagi motarsa a gabansa ba. Tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu, amma ita ta ɗauko 'ya'yansa duka daga asibiti ranar da aka haife su. To sai ga shi a bana ta koyi mugun hali. Yau a cika mata tanki, jibi allurar mai ta kwanta kamar ba a taɓa shiga gidan mai ba, alhali iyakar tafiyarsa daga gida zuwa shagonsa na gyaran agogo.

Babbar 'yarsa, wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta yanke hukunci a waya.

"Baba, wannan fa ba mota ba ce, rijiya ce. In bakanike ya kasa, a sayar kawai. Kai ma ka huta."

Kalmar "huta" ɗin nan ta fi komai yi masa ciwo.

Bakaniken unguwar mutum ne mai son hira da injin fiye da mai injin. Ya kwance fulogi ya goge, ya busa matatar iska, ya gwada iskar tayoyi, ya ɗaga motar ya juya ƙafafun ko birki na riƙewa, ya shiga ƙarƙashi neman inda mai ke ɗiga. Ya fito yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Baba, motar nan ta fi ni lafiya. Ko dai kana taka totur da yawa?"

"Ni? Mutumin da ke gyara agogon hannu da ɗan tsinke?"

Bayan mako guda allura ta sake kwanciya. Mai Agogo ya san magana ta ƙare. Ranar da ya yanke shawara, bai iya kai motar da hannunsa ba. Da rana, lokacin da ya saba rufe ɗaki ya yi barci, ya sulale ta ƙofar baya don kada matarsa ta ga fuskarsa, ya taka da ƙafa zuwa gareji.

"Ka nemo mai saye," ya ce wa bakanike, yana kallon ƙasa. "Amma wanda zai riƙe ta da mutunci."

Bai rufe baki ba suka ji wani gurnani daga ƙarshen layi, irin na injin niƙa da aka matsa wa. Duk wanda ya ji zai rantse mota ce ke tsere. Da ta karyo kwana sai ga ta tana rarrafe, mai keke ya wuce ta, mai turin baro ma yana neman wuce ta. Motar Mai Agogo ce. A bayan sitiyari kuma, bisa matashin kai biyu, ga matarsa, Malama, wadda ta ƙare aikinta tana koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, ta ƙanƙame sitiyari, ta kafe ido a hanya.

Bakanike ya dafa kafaɗarsa. "Baba, ga ciwon motarka nan tafe."

Bakaniken ya fita titi ya ɗaga hannu. Malama ta taka birki, motar ta yi tsalle ta mutu. Da ta hango mijinta, sai ta gyara zaman tabarau kamar ita ta kama shi da laifi.

"Baban yara, ba barci kake yi ba?"

"Ke kuma ba gidan ƙanwarki kike cewa kina zuwa ba?"

"Can nake zuwa mana. Na taɓa ce maka da ƙafa?"

Bakanike ya leƙa ta taga ya dubi giya. "Mama, a lamba ɗaya kika taho tun daga gida?"

"Kullum ma. Wata uku ke nan."

"To ai shi ne. Injin na ihu, mota ba ta tafiya, mai kuwa kamar ana zubar da shi. Me ya hana ki saka biyu?"

Malama ta dube shi yadda take duban yaron da ya yi tambayar banza. "Ɗana, ana tsallake aji ne? Sau ɗaya na gwada biyu, ta yi wani ƙara kamar za ta zubar da haƙora, na ce to ban ci jarrabawa ba, in maimaita."

Bakanike ya yi dariya har sai da ya zauna a kan tsohuwar taya. Mai Agogo ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa.

"Amma me ya kai ki? Da kin ce in kai ki, ai da na kai ki."

Ta sassauta murya yadda bakanike ba zai ji ba.

"Ina ganin yadda kake kai agogo har bakin hanci kafin ka ga lokaci. Rannan ma saura kaɗan ka hau kan bokitin maƙwabta. Na san ranar da idon nan zai ce ya gaji, yara za su ɗauke motar, kai kuma ka zauna a gida kana kallon bango. Shi ya sa na ce bari in koya tun da wuri, in riƙa kai ka shago."

Mai Agogo ya dube ta. Ya daɗe yana ɓoye maganar idon nan, ashe wadda yake ɓoye wa ta riga shi yin shiri. Ya zagaya, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta ita ba tun da ya sayi motar, ya zauna a kujerar mai zaman banza.

"Maganar mai saye fa, Baba?" in ji bakanike.

"Wane mai saye?"

Malama ta tayar da mota, suka ja a hankali, injin ya fara ihun da ya saba. Mai Agogo ya ɗora hannunsa a kan nata bisa giya.

"Saki totur. Taka kuloci har ƙasa, har ƙasa na ce. Yawwa."

Suka ja giyar tare. Ƙarar ta lafa, motar ta miƙe sumul, har suka kamo mai keken nan.

"Malama," ya ce, "an ciyar da ke gaba."