Ba A Tsallake Yaro

"A fito da ita!"

Muryar Garba tela ce daga zaure, kuma ba shi kaɗai ba ne. Uwani ta daskare a tsakar gida da muciya a hannu. Mijinta Ɗahiru ya bi jirgin Kano, aikin reluwe. Ita kuwa tun da aka kawo ta unguwar Abakwa ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba.

Surukarta, Iya Jummai, tana zaune a gindin mangwaro tana ninke zani, ta warware, ta sake ninkewa. Da can ita ce ungozomar ƙauyensu a ƙasar Zazzau. Yanzu takan ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, takan kira ɗanta da sunan marigayi mijinta. Da safen nan ta sulale ta shiga gidan Garba, ta ɗauki jaririnsa Ado daga tabarma, ta shafe shi da man shanu. Kafin azahar jikin yaron ya zama garwashi, yana fizge-fizge. Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci: mayya ce, ta kama kurwarsa.

"Ta tuɓe ta tsallake shi, ta sakar mini ɗa," in ji Garba. "In ta ƙi, ba za ta kwana a unguwar nan ba."

* * *

An kwantar da Ado a tsakar gidan ubansa, aka jawo Iya gabansa, Uwani na biye da ita. Uwarsa Hauwa na durƙushe, idonta ya kumbura. Wata mata ta kai hannu ƙugun Iya za ta kwance mata zani. Uwani ta riƙe hannun.

"Don Allah a bar mata zaninta," ta ce. Ita kanta da kyar ta ji muryarta.

"Tsallake shi!" mutane suka ɗauka.

Iya ta dubi yaron, ta dubi taron, ta ɓata fuska.

"Kai, wane irin gida ne wannan? Ba a tsallake yaro, sai ya ƙi girma. Ba ku da manya ne?"

Ta zauna daɓas, ta ɗora shi a cinya, ta taɓa goshinsa. "Wayyo, ɗan nan. A jiƙo mini tsumma."

"Kun gani ko? Ta ƙi!" in ji Garba.

Nan Magajiya ta kutso, matar Bitrus akawu, wadda katanga kaɗai ta raba ta da su Uwani. Hannunta duk kumfar wanki.

"Malam Garba, ka ji tsoron Allah. Haka babana ya yi. Da tsakar rani sai ya saɓi fartanya wai zai tafi shuka, ni da ya haifa yana ce mini baƙuwa. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ke tsufa, yadda ido ke yin yana, haƙori ke zubewa. Shi ma maye ne?"

"Ke, ba ruwanki. Wannan ba maganar 'yan mishan ba ce."

"Af, zazzaɓin ya tambayi addininsa kafin ya kama shi? Kuna nan kuna tuɓe tsohuwa, yaro na ƙonewa."

Hauwa ta matso kusa. Tana kallon yadda Iya ke goge wa ɗanta jiki da gefen zaninta, tana yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ta miƙa hannu. Iya ta ba ta shi, tana tallafe da wuyansa.

"Magajiya, raka ni asibiti," in ji Hauwa.

"Ban ba ki izini ba!" in ji Garba.

"To ka biyo mu da keke, Malam, ka ba ni a hanya," in ji Hauwa.

Taro ya tsaya cirko-cirko, sannan ya fara watsewa. Uwani ta kama hannun Iya suka koma gida, zaninta na nan ɗaure a ƙugunta.

* * *

Da gari ya waye Magajiya ta leƙo ta kan katanga ta ce zafin ya sauka, Ado har ya kama nono. A bakin famfo kuwa wani labarin ake yi: wai mayyar ce ta ji tsoro ta sake shi. Yaran da ke zuwa tsintar mangwaro, ko ɗaya bai shigo ba.

Uwani ta dama koko, ta soya ƙosai, ta zuba a kwano biyu. Ta yafa mayafi ta kai ɗaya gidan Magajiya. A hanya ta shirya kalmomin godiya masu yawa, amma da suka haɗa ido sai ta durƙusa kawai, hawaye na zuba.

"Tashi, 'yar'uwa, kokon zai huce," in ji Magajiya.

Uwani ta dawo ta ajiye ɗaya kwanon gaban Iya, ta fifita mata. Tsohuwar ta kurɓa, ta daɗe tana dubanta.

"Yarinya, kina da kirki. Allah ya yi miki albarka. 'Yar gidan wa ce ke?"

"Amin, Iya," in ji Uwani. Ta gutsuro ƙosai ta sa mata a hannu.