Nauyin da Ba a Ɗora a Sikeli Ba

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma abin da na ɗauko ma ba fannina ba ne, zancen mota ne. In na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, masu gareji su yafe mini. Ga shi dai yadda ya zo.

Motar ta Kawu ce, yayan Umma. Shi ya tsinto ta a bayan wani gareji, kaji na kwana a cikinta, ya saya don kawai launinta ya burge shi. Aka janyo ta da igiya aka ajiye a rumfar gidan su Auta, ƙaramar 'yar Umma, tunda nasa gidan ba fili. Ja ce, ƙofa biyu, gajera har cikinta ya kusa shafar ƙasa, irin waɗanda aka ƙera don gudu, ba don kai yara makaranta ba. Umma ta leƙo ta dube ta, ta ce ita ba ta ga mota ba, kwano ta gani an kife.

Yaya, wan Auta, ne ya tayar da motar, shi da abokinsa Dogo mai gyaran jikin mota. Suka sauke tanki suka wanke, suka canza fulogi, suka juye tsohon baƙin mai da ya koma kamar kwalta, suka liƙe lagireto inda yake yoyo. Ranar da injin ya yi tari ya kama, har maƙwabta sai da suka shigo kallo. A cikinsu akwai wani dillalin motoci, wanda tun daga ranar bai bar Kawu ya huta ba.

Kawu mutum ne mai son a yi abu a fili. Ya kira Yaya, wanda yake wa laƙabi da Injiniya don tsokana, ya ce a auna gudun motar yadda take yanzu. Ya ba shi zuwa ƙarshen hutu ya yi mata duk dabarar da ya iya. In ta fi da gudu, ta zama tasa halak malak. In ba ta fi ba, dillali ya zo ya ja abarsa.

Wurin awon wani titi ne a bayan tsohuwar masana'anta da aka rufe, ba nisa da gida, ba mota ba mai tafiya a ƙasa, mai gadi kuma ya san da su. Daga bakin ƙofa ake tashi, a tankin ruwa ake ƙarewa. Dogo ya tsaya a gefe ya saki tsumma, direba ya taka, wanda ke zaune kusa da shi ya danna agogon awo. Ranar awon farko Kawu ba ya gari, sai aka ɗauko Auta daga kan littafinta aka ɗaure ta da bel. Ta danna agogon a ƙofa, ta runtse ido, ta buɗe ɗaya da ƙyar ta danna a tanki. Daƙiƙa goma sha shida. Da ta fito ta zauna a bakin titi, ta yi wa kanta alkawarin ita da motar nan sai dai kallo daga nesa.

Yaya ya duƙufa. Ya sa sabuwar salansa, ya canza matatar iska, ya samo tayu masu faɗi da suka fi kama ƙasa. Da abin hannunsa ya ƙare, sai ya koma ga dabarar da ba ta cin ko sisi: rage wa motar nauyi. Ya ari sikelin da Umma ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado, duk abin da ya kwance sai ya ɗora ya auna. 'Yar kujerar baya ta fita, safayar taya ta fita, jak, shimfiɗar ƙasa, rediyo da lasifikoki, har kwalin da ke jikin ƙofofi. A wurin cin abinci ba shi da hira sai kilo nawa ya cire yau. Umma ta ce wata rana za su tashi su tarar da sitiyari kaɗai a rumfa. Da ya je ya yi aski kuwa, Dogo ya tambaye shi ko ya auna sumar kafin a share.

Kujerar bayan da aka cire ita ta zama wurin karatun Auta. Yaya ya jingina ta a kusurwar rumfa, nan take naɗe ƙafa da littafi, shi yana ƙarƙashin mota yana 'yar waƙarsa. Ba sa magana sosai. Wani lokaci ya ce ta miƙo masa sifana, ta miƙa wadda ba ita ba, ya karɓa ya ajiye ya lalubo wadda yake so da kansa. Ba ta taɓa ganinsa da walwala irin ta watannin nan ba, kuma ta san in motar ta tafi, waƙar nan ma ta tafi.

Dole in faɗi wani abu game da Kawu, da fatan ba rashin kunya ba ne. Allah ya yi shi da jiki. Tun da likita ya ce ya rage, duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ja wandonsa sama, ya tambaya ko an lura. Kowa a gidan ya san amsar: wallahi Kawu ka rame. Dalilin ɓoye sikelin Umma ke nan. Ita Auta kuwa Takarda yake kiranta, wai ba ta rabuwa da takarda, kuma iska mai ƙarfi za ta iya kwashe ta. Yana da wata ɗabi'a kuma, ba ya iya riƙe abu mai maɓalli bai danna ba. Biro, fitilar hannu, makullin mota, duk sun sha wahalarsa.

Ana gobe awo, suna cin abincin rana tare da Kawu, Yaya ya tuna wa Auta cewa da safe za su fita. Ta sunkuyar da kai ta ce tana da karatun jarrabawa, ko za a samu wani ya riƙe agogon. Kawu ya ce ai ma ya fi, dama mai kaya ya kamata ya gani da idonsa, shi zai shiga da kansa. Cokalin Yaya ya tsaya a tsakanin faranti da baki. Ya buɗe baki zai yi magana, Umma ta yi masa wani kallo, ya mayar da cokalin ya ce to. Auta ba ta fahimci komai ba. Ita dai ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, har ƙarin abinci ta yi.

Da safe Umma ta ga sun manta hular kwano ɗaya a kan benci, ta ce Auta ta bi su da ita. Ta isa daidai lokacin da Kawu ke shiga motar. Ya fara sa ƙafa, ya dafa rufin, ya juya, ya saki jiki. Motar ta yi wani ɗan nishi ta karkata. Auta na kallo 'yar tazarar da ke tsakanin taya da jikin motar ta rufe ruf. Ta tuna tulin kayan da ke rumfa, kujera da taya da jak da rediyo, duk wahalar wata da watanni, ga su sun dawo cikin motar a jikin mutum ɗaya, har da ƙari. Ta dubi Yaya. Yana gyara madubi, ya ƙi kallon kowa.

Dogo ya saki tsumma. Sabuwar salansar ta yi wata ƙara mai daɗi, motar ta tafi, ta ƙanƙance, ta juyo a hankali. Kawu ya miƙo agogon ta taga: sha shida. Ya ce a sake, don adalci. Aka sake, ta ma ƙara 'yan ɗigo a kai.

Kawu ya fito da taimakon Dogo, ya rataya agogon a wuya, ya dafa kafaɗar Yaya. Ba da mugunta ya yi magana ba. Ya ce ƙarar ta yi kyau, tayun ma sun yi kyau, amma magana magana ce, da yamma zai kira dillali. Yaya ya ce, “To, Kawu.” Da Kawu ya matsa gefe yana goge gumi, Dogo ya raɗa wa Yaya cewa ya faɗa masa gaskiya mana. Yaya ya ce shi ya faɗa. Dogo ya ce shi yana da iyali, bai shirya barin duniya ba.

Auta na tsaye da hular kwano a rungume. Ta san abin da ba ya faɗuwa, ta kuma san ita ta jawo. Sai ta ji muryarta ta fita, siririya kamar ba tata ba.

“Kawu, tunda za a sayar, ina so in shiga sau ɗaya. Na ban kwana.”

Kawu ya dube ta ya yi dariya. “Ke Takarda? Ba ke aka ce kin kusa suma ba?”

Ta ce shi ya sa ma take roƙon alfarma: ya je ya tsaya mata a wurin tankin, in ta hango shi za ta san wahalar ta kusa ƙarewa. Ba awo za ta yi ba, ya riƙe agogonsa. Kawu ya ji daɗin a ce ganinsa na kwantar da hankali. Ya gyara wando, ya kama hanyar tanki yana tafiya a hankali, agogon na lilo a ƙirjinsa, hannunsa tuni ya kai kansa.

Cikin motar ya zama wayam, ƙarfe tsirara ko'ina, sai warin fetur da roba. Yaya ya ja mata bel ya matse, ya ɗaure mata igiyar hular a haɓa.

“Kin tabbata?”

“A'a,” ta ce. “Tafi kawai.”

Tsumman ya faɗi. Wani abu ya danna ta cikin kujera kamar an dafa mata ƙirji. Ta so ta runtse ido, amma ta riga ta ce wa Kawu shi za ta kalla, sai ta kafe shi da ido. Da fari ɗigo ne fari a gindin tanki. Yaya ya canza giya, kanta ya ɗan yi gaba ya koma. Katangar masana'anta ta zama zare ɗaya dogo. Ɗigon ya yi kai, ya yi hannuwa, ya yi tumbi, ya wuce fuu. Sai birki, sai shiru, sai ƙarar numfashinta a cikin hula. Abin mamaki, ba ta mutu ba. Har ta lura akwai wasu 'yan furanni rawaya a bakin titin da ba ta gani ba a karon farko.

Suka juyo suka tsaya kusa da tanki. Dogo ya iso da gudu yana haki. Kawu bai ɗago ba, agogon yake kallo. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya girgiza shi a kunne. Dogo ya leƙa ta bayan kafaɗarsa, ya ga sha huɗu da 'yan kai, ya yi maza ya mayar da idonsa kan tankin kamar bai taɓa ganin tanki ba.

Kawu ya dubi motar yadda ta tsaya daidai a kan ƙafafunta. Ya dubi Auta da ke ƙoƙarin kwance hula. Sannan a hankali ya sunkuya ya dubi gaban rigarsa, ya daɗe yana kallo.

“Injiniya,” in ji Kawu, “wannan motar taka sai ta yi zafi take gudu. Ni na ɗumama muku ita.”

“Haka ne, Kawu,” in ji Yaya. Dogo ya ce wallahi shi ma tun ɗazu abin da yake tunani ke nan.

Kawu ya lalubo makullin motar na biyu daga aljihu, ya danna maɓallinsa sau ɗaya don sabo, ya saka wa Yaya a tafin hannu. Ya ƙara da cewa, a ƙasa-ƙasa, in sun koma gida a ce wa ƙanwarsa ta daina mayar da sikelin nan ƙarƙashin gado, ya daɗe da sanin inda yake. Daga nan ya ce a buɗe masa injin ya ga matatar iskar da ake ta zuzutawa.

Kawunan ukun suka haɗu a kan injin, Yaya na nuni da yatsa, Dogo na katse shi, Kawu na musu a kan abin da bai sani ba. Auta ta ajiye hular a kan kujera, ta tura ƙofar a hankali har ta kama ba ƙara. Ta bi ta bayan tankin, ta gaida mai gadi da kai, ta fice ta ƙaramar ƙofa. Ta bar littafinta a kife a kan kujerar rumfa, kuma saura mata babi ɗaya.