Amaryar da Ta Bar Ramin Hayaƙi

Wallahi ina kewar ɗakin bincikenmu na unguwar Alshajara, duk da sojojin bakin gada da wutar da ke ɗaukewa sau uku a yini. A shekarar dubu biyu da sha huɗu ni ce mai kula da na'urar Dakta Salahuddin, ɗan faifai kamar farce, an shimfiɗa masa garafin, wato baƙin cikin fensir da aka sirantar har ya fi fatar albasa. A kansa muke ɗora ƙwayoyin halittar hancin ɓera masu rai. In suka shaƙi maganin feshi a jikin tumatir, sai layi ya yi tsalle a allon kwamfuta. Iyayenmu sun sha tari saboda feshi a gonakin audugar Jazira, shi ya sa muka ɗauki aikin da zafi.

Ana saura wata guda bikina na'urar ta haukace. Ba tumatir ba komai, layi sai rawa yake. Dakta ya sake wayoyi, ya sake ruwan ƙwayoyin, a banza. Ya ce ranar Alhamis zai zubar da aikin shekara uku ya huta.

Ranar Laraba, a bas daga unguwar Dar Salam, wata tsohuwa ta shinshine ni ta ce, "Mabruk ya arus, barka amarya, hayaƙi ya kama jiki." Nan take na gane abin da na'urar ke shaƙa. Kullum bayan la'asar Gwaggo Barakatu kan zaunar da ni kan ramin turare, lulluɓe da bargo, yadda ake gyara kowace amarya.

Mace ba ta yi wa namiji wannan zance. Da na isa ɗakin bincike, sai kawai na ce Dakta ya dubi allo. Na fita, layi ya kwanta. Na shigo, ya miƙe. Dakta mai iyali ne, ya sunkuyar da kai, kunya ta kama mu duka.

"Ki tafi hutu, ya bitti," in ji shi, wato 'yata.

To wa zai ciyar da ƙwayoyin? Ni kaɗai na iya lallaɓa su. Na koma gida na ce na bar hayaƙi. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ta daina yi mini magana. Bayan kwana biyar layi ya nutsu, ya fara kama feshi a tumatirin kasuwar Alsahafa.

Ranar da za a kai ni, Gwaggo ta rungume ni, ta cusa hanci a wuyana ta daɗe tana nema. Sabulun ɗakin bincike kawai ta ji.